Shafin Injiniya, Akwatin Kunkuru

Ƙanina, autan gidanmu, tun yana shekarar farko a kwaleji ya hana kowa kiran sunansa na yanka. Wai Injiniya za a riƙa ce masa. Yaro ne mai kai, wannan ba zan hana shi ba, amma girman kansa ya fi ƙwaƙwalwarsa nauyi, ga son a yaba masa kan aikin da bai yi gumi a kai ba. Ni ne yayansa, gyaran waya nake yi a wani ɗan shago da ke bakin titi, kuma har yau idan na tuna abin da zan faɗa muku sai raina ya ɓaci.

A shekararsu ta uku aka sanar da su cewa wani babban kamfani zai ɗauki ɗalibai biyu kacal horon aiki na wata shida, wanda ya yi ƙoƙari kuma a riƙe shi. Mutanen kamfanin suka ce ba sa son tarin takardu. Kowa ya gina shafinsa na intanet, ya zuba ayyukansa a ciki, ya miƙa musu adireshin shafin kawai, ta nan za su nemi wanda suka zaɓa. Aka ba su mako shida.

Umma ta ɗora rai a kan wannan gurbi fiye da shi kansa. Ni kuwa na ɗauki kwamfutar da nake aikin shago da ita na miƙa masa, na koma lallaɓa wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi. Mako biyar Injiniya yana kwance a falo yana kallon ƙwallo da ita. Idan na yi magana sai ya ce, "Yaya, kai dai tsaya a kan ƙusoshinka. Wannan aikin awa biyu ne a wurina."

A ajinsu akwai wani yaro mai sanyin hali, wanda ƙanina da bakinsa ya laƙaba wa suna Kunkuru, saboda komai a hankali yake yi. Shi tun ranar farko ya fara gina nasa, layi bayan layi, yana gogewa yana sakewa. Ana saura kwana uku, ƙanina ya same shi a ɗakin kwamfutoci na makaranta, ya ce ya ara masa filashinsa, ɗan abin da yake ajiye fayiloli a ciki, zai kwafi darasi. Da darasin da fayilolin shafin gaba ɗaya ya kwashe.

Ya dawo gida ya sauya launin shafin, ya cire hoton Kunkuru ya manna nasa sanye da kwat ɗin aro, ya goge sunan mai shi ya rubuta nasa da manyan baƙaƙe. Gaskiya ya iya kwalliya, shafin ya fito fes. A ƙasa akwai wurin da baƙo zai rubuta saƙo ya danna maɓalli ya aika. Da na ga babu lambar waya ko'ina sai na tambaye shi.

"Manyan mutane ba sa baza lambarsu a titi," in ji shi. "Mai so na ya rubuto ta nan."

"To ka gwada? Ka aika wa kanka saƙo ka ga ya shigo?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaya, wannan ba caja ba ce."

Na ƙyale shi. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran waya, ban taɓa miƙa wa mutum wayarsa ba sai na kira ta na ji ta yi ƙara, na kara a kunne na ji murya. Minti ɗaya ne aikin. Minti ɗayan nan ne Injiniya ya fi ƙarfinsa.

Aka miƙa adireshi, aka tafi hutu. Bayan mako biyu, muna zaune a shago, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya haɗe rai, ya kashe. Ta sake yi, ya sake kashewa, sannan ya toshe lambar. Na ce wane ne? Ya ce wani ɗan hassada ne a ajinsu, tun da ya ga kyan shafinsa ya hana shi sakat. Ashe tsoro yake ji, a zatonsa Kunkuru ya gano satar, rigima ya zo nema. Yaron ya turo imel, ƙanina na ganin sunan ya goge bai buɗe ba. Ya aiko wani ɗan ajinsu, ƙanina ya tare shi tun bai gama sallama ba, ya ce duk wanda ya kawo masa zancen Kunkuru sun ɓata har abada.

Ranar wata Litinin da hantsi sai ga wani siririn saurayi a ƙofar shagona, rigarsa jiƙe da gumi. Bai san gidanmu ba, shago-shago ya bi yana tambayar mai gyaran waya, yayan Injiniya. Ƙanina na ganinsa ya zabura kamar an taka masa wutsiya.

"Har nan ka biyo ni? Me na ci maka?"

"Don Allah ka tsaya ka ji, maganar shafin nan ce..."

"Shafina nawa ne! Kai kaɗai aka koya wa? Yaya, ka gan shi nan, shi ne wanda nake faɗa maka!"

A nan ne nake jin haushin kaina fiye da na kowa. Ban tambayi yaron komai ba. Son ɗan'uwa ya ɗebe ni, na miƙe na nuna masa titi, na ce idan ya ƙara tako ƙofar shagona zai gane kurensa. Ya buɗe baki zai yi magana, na daka masa tsawa a gaban masu jiran gyara. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Yaya," ya juya ya tafi.

Ranar Alhamis Kunkuru ya dawo, ya yi sa'a ni kaɗai ne. Wannan karon wayarsa kawai ya ajiye a kan teburina, a tsakiyar ƙusoshi da matattun batura. Saƙo uku ne daga kamfanin, kowanne da sunan ƙanina a sama. Na farko ya ce an zaɓe shi, ya zo ganawa. Na biyu tunatarwa ce, cewa ranar Talata ƙarfe goma ce damar ƙarshe. Na uku ya ce tunda ba su ji daga gare shi ba, sun ba wani gurbin.

Talata. Washegarin ranar da na kore shi ke nan.

"Ya aka yi saƙonsa ya shigo wayarka?" na tambaya.

"Akwai layi ɗaya a cikin fayilolin da ke faɗa wa shafin inda zai kai saƙo. Adireshina ne a wurin. Ya sauya komai, bai sauya wannan ba."

"Me ya hana ka ba su lambarsa?"

"Da na amsa musu, dole su tambayi yadda aka yi saƙonsa ya faɗo akwatina. Ban so in tona masa asiri ba. Na ɗauka zan same shi."

"Kai fa? Sun ɗauke ka?"

Ya ɗan yi murmushi. "Ni ba su neme ni ba. Nawa bai kai nasa kyau ba."

Kunya ta rufe ni, har na rasa inda zan sa idona. Na ba shi haƙuri, na rufe shago da rana tsaka, na ce ya raka ni gida.

Muka tarar da Injiniya a falo ya miƙe ƙafa, Umma tana ninke wanki, yana ba ta labarin yadda kamfanoni ke jan rai kafin su kira manyan ma'aikata. Yana ganin wanda ke bayana ya fara borin kunya.

"Yaya, me ya kawo wannan gidanmu?"

"Rufe mini baki! Ajiye wayarka a kan tebur. Kai ma ajiye taka."

Wayoyi biyu suka kwanta gefe da gefe. Na ciro tawa, na buɗe shafin nan mai hoton kwat, na rubuta, "Injiniya, kana ina?" Na nuna wa Umma, na nuna masa, sannan na danna maɓallin. Wayar Kunkuru ta yi ƙara, ta ƙanina ko motsi.

Na karanta musu saƙonnin uku da ƙarfi, ban tsallake kalma ba. Ƙanina ya yi tsuru-tsuru, ya fara cewa ai laifin shafin ne. Na ce, "Shafin wa? Ba ka ce naka ba ne?"

Umma ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dubi baƙon. "Ɗana, sau nawa ka neme shi?"

"Ban ƙirga ba, Umma."

"Allah ya yi maka albarka." Sannan ta juya ga autanta, ta kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon da a ji shi a gidan shekara uku ke nan. Ta ce ya tashi ya kawo wa baƙo ruwa.

Ya tashi ya kawo. Na karɓe kwamfutata a ranar. Gurbin kuwa ya tafi, kamfanin bai sake waiwayarsa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Aikin da ka ɗauko na wani ba ya zama naka don ka shafa masa fenti, akwai wani lungu a cikinsa da zai ci gaba da amsa sunan mai shi. Kada ka raina gwada abin da ka yi kafin ka miƙa shi, komai ƙanƙantar gwajin. Kuma idan mutum ya yi ta nemanka, tsaya ka ji abin da ya kawo kafin ka kore shi, domin mai laifi kowa ya gani sai ya ɗauka rigima ce ta zo. Wannan na ƙarshen ba ƙanina kaɗai nake faɗa wa ba, har da ni da na nuna wa yaron nan titi.