Marayan da Ubansa Ke Raye

Akwai wani matashi a Tasawa mai suna Mudassir, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ɗan wani ƙauye kusa da Kona. Allah ya ba shi alƙalami. Ya rubuta littafi kan wani yaro maraya, kuma tsakani da Allah littafin ya yi daɗi. Sai dai ya daɗe jibge a ɗakinsa, ba mai tambaya.

Abokinsa Kabiru, mai shirya taruka, ya ce masa mutane ba takarda suke saye ba, mutum suke saye. Ya sa shi ya ɗinka farar shadda, ya sayi gilashin da ba na magani ba. Aka ɗauke shi hoto ya dafe haɓa kamar shi ke riƙe da tunanin duniya, aka fara yawo da shi makarantu da wuraren taro.

Wata rana a gidan matasa, wata mata ta miƙe ta tambaye shi ko labarin rayuwarsa ne ya rubuta. Mudassir ya dubi jama'a, ya ce eh. Ya ce mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Mata suka yi ta share hawaye, kuma ranar ko littafi ɗaya bai koma da shi gida ba.

Alhali mahaifin nasa, Malam Na Allah, yana nan da ransa a ƙauye yana noman hatsi. Shi ne ya riƙa kai shi lakwal a amalanke, rani da damina.

Daga nan aka raɗa masa suna Marayan Tasawa. Duk inda ya zauna sai a ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka," shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce amin. Zuwa gida ya fara yi masa wuya.

Ranar da aka gayyace shi gidan rediyo, ƙanwarsa Zuhura ta gaya wa Baba. Tsoho ya yi murna, ya tara maƙwabta a gindin dogon yaro bayan la'asar su ji ɗansa. A nan, a gaban kowa, ya ji Mudassir yana ba da labarin ranar da aka binne shi.

Ba wanda ya iya ɗaga kai. Zuhura ta ce, "Baba, bari in kira shi. Wanga abu ya yi yawa."

Ya ce, "Ƙyale shi, ɗiyata. Da wagga magana shike cin abinci. In kin tona shi, ni kika tona." Ya roƙi maƙwabta su rufa masa asiri. Daga ranar ko kasuwar Tasawa bai sake ci ba, don kada wani ya gan shi ya gane.

Bayan kaka tari ya kama shi. Majon ƙauye, wato malamin asibitinsu, ya duba shi ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai shi babban asibiti a Tasawa. Aka ɗaure amalanke, tsoho ya ƙi hawa.

Ya ce wa Zuhura, "In na tahi can, sai an tambayi uban wa ne. Ko shi zo a gane ƙaryarshi, ko shi ƙi zuwa Allah shi kama shi da hakkina. Duka biyun ban so mashi."

Zuhura ta kira yayanta a ɓoye. Ya ce yana da taro a Maraɗi, amma Juma'a yana nan tafe. Malam Na Allah bai kai Juma'ar ba.

Mudassir ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Zuhura ba ta zage shi ba. Ta dai gaya masa abin da ya hana Baba zuwa asibiti, ta koma cikin mata.

Wallahi nan ne labarin ya fi yi mini ciwo. Ya koma Tasawa da mutuwar uba a ƙirjinsa, amma babu wanda zai iya faɗa wa. A lakwal ma cewa ya yi wani kawunsa ne ya rasu. Ba wanda ya zo masa gaisuwa.

Bayan sati biyu Kabiru ya ja shi wani taro a Mayayi. Ana cikin tambayoyi, wani dattijo ya miƙe ya ce, "Yaro, Allah ya jiƙan mahaifinka."

Mudassir ya buɗe baki zai ce amin kamar kullum. Sai kawai ya kifa kai a kan tebur ya fashe da kuka, kukan gaskiya na farko da ya taɓa yi a gaban jama'a. Mutane suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, ɗaki ya ɗauki tafi.

Da aka tashi, Kabiru ya dafa kafaɗarsa yana murmushi ya ce, "Kukan yau ya hi na kullum kyau. Haka za ka riƙa yi."

Darasi: Duk sunan da za ka yi da ƙarya, akwai wanda ke biyan farashinsa a ɓoye, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ne. Ka tallata aikinka, amma kada ka tallata iyayenka. In naka suna raye, ka kira su yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya gyara tun yana da sauran dama.