Zabuwa Mai Jan Ƙyalle

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata zabuwa ce ta saka ƙwai biyu a gindin sabara. Manomi ya zo wucewa, ya ɗauki wanda ya fi kusa da hannunsa, ya kai wa kazarsa ta ƙyanƙyashe. Ta gida ta tashi tana cin tsakin hatsi, da jan ƙyalle ɗaure a ƙafa, shaidar tana da mai ita. 'Yar'uwarta ta tashi a daji, sai abin da ta tona.

Shekarar yunwa, Dila alƙalin daji ya kama su biyun suna cin gero a gonar Zaki. Ya danne kowacce da ƙafa guda.

Ya ce, "Ke mai ƙyalle, me ya kawo ki?"

Ta ce, "Kwaɗayi ne, Allah gafarta Malam. A ƙoshe nake."

Dila ya dubi ƙyallen, ya tuna karnukan manomi, ya ɗaga ƙafa. "Ƙuruciya ce. Gaishe min da maigida."

Ya juyo kan ta daji. Ta ce, "Malam, kwanana uku ban ci komai ba. Kuma uwarmu ɗaya da waccan da ka saka!"

Dila ya lashe baki. "In kika ɓata yau, wa zai fito nemanki?"

Ta ce, "Ba kowa."

Ya ce, "To, shari'a ta ƙare."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan na ajiye ta.