Hoton Tsaba

Dalilin da ya sa mutanen Unguwar Ɗinya suke ce wa hoton waya "hoton tsaba", ku gyara zama ku ji, yara.

A da, wanda zai yi doguwar tafiya hoton takarda yake bari a maƙala a bango. To akwai wata tsohuwa mai surfe, Iya Hansai. Ɗanta ɗaya ne, Tanimu, ya tafi Kurmi aikin katako, ko hoton bai bar mata ba. Shekara tara tana zaune ita kaɗai a gida mai ɗaki uku.

Wata Laraba maƙwabciyarta Ladingo ta shigo da waya a hannu, ta ce Tanimu ya turo hoto. Ga shi tsaye can nesa a jikin motar katako, fuskarsa ba ta fi ƙwayar wake ba. Iya ta kai wayar bakin ƙofa inda haske yake, ta ƙura ido, ba ta gane shi ba. Sai ta roƙi Ladingo ta matso mata da shi.

Ladingo ta sa yatsu biyu ta buɗa, fuskar ta girma. Iya ta ce a ƙara. Aka ƙara, aka sake ƙarawa, sai ido da hanci suka watse, suka koma ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu, wani baƙi, wani ruwan ƙasa, a jere layi-layi.

"Ina ya shiga?" in ji Iya.

Ladingo ta ce haka hoton waya yake, ɗigo ne aka jera, in an matso da yawa sai su rabu.

Tsohuwa ta ce, "Ashe tsaba aka zuba. Mayar da shi yadda yake, 'yar nan. Gara in hango shi can nesa da in rasa shi gaba ɗaya."

Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ta dogara sanda zuwa gidan Ladingo, ta ce a nuna mata tsabarta. Ba ta ƙara cewa a matso da shi ba. Tanimu ya yi alkawarin zuwa da Babbar Sallah, ita kuma ta rasu saura kwana goma sha ɗaya.

Shi ya sa har yau a garinmu, duk hoton da ya fito a fuskar waya, tsaba ake ce masa, kuma tsofaffi ba sa so a matso musu da shi.