Ranar da Kaka Ta Daina Tsokana

Akwai wani saurayi wanda Allah ya ba shi baki. In ya fara magana, mai fushi ma sai ya manta abin da ya ɓata masa rai. Iyayensa sun rasu tun yana rarrafe, kakarsa ce ta goya shi, a wurinta kuma ya koyi ban dariya.

Kun san yadda kaka da jika suke a wajenmu. Ita tana ce masa mijinta, shi yana ce mata amaryarsa. Da safe in ya fito sai ta ce, "Kai, wannan miji nawa, muni kamar an tashi kwaɗo daga barci. Ina cefanena?" Shi kuma ya ce, "Amarya ba haƙori, me za ki tauna in na kawo?" Sai su yi ta dariya har maƙwabta su leƙo. Wannan tsokanar ita ce gaisuwarsu, in ba a yi ta ba gari bai waye ba.

Da tsufa ya kama kakar sosai, sai wata lalura ta same ta, ba ta iya riƙe fitsari in tana barci. Abin ya dame ta ƙwarai, don mace ce mai tsabta da kamun kai, mai wurin zama a bencin gaba cikin zumuntar mata a majami'a. Kullum da sassafe takan lallaɓa bayan ɗaki ta wanke zanenta, ta shanya tabarmarta inda ido ba ya kaiwa. Jikan kaɗai ya sani, don shi ke ɗebo mata ruwa.

Ana nan, saurayin ya zama ɗan barkwanci na sosai. Yakan hau dandamali a birni da makirfo a hannu, jama'a su cika zaure su saurare shi. Sai ya lura da abu ɗaya, in ya yi magana mai tsabta dariya kaɗan ce, in ya saki ta banza zaure har girgiza yake yi. Daga nan ya riƙa ƙara gishiri, yau ya taɓa gurgu, gobe mai in'ina, jibi matar wani.

Wata rana labari ya ƙare masa a kan dandamali, jama'a suka yi tsit suna jira. Sai ya tuna da amaryarsa ta gida. Kash! Ya kwashe zancen tabarmar nan kaf ya zuba musu. Ya kwaikwayi yadda take sanɗa da jiƙaƙƙen zane, ya toshe hanci, ya ƙara da kalmomin da ba zan maimaita su a gidan Ubangiji ba. Aka yi dariya har da masu faɗowa daga kujera. Wani ya ɗauka a waya ya ɗora, bidiyon ya bazu.

Da farko yabo ne, daga baya zagi ya taso. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka yi masa ca. Wannan ya ce ɗan banza, wancan ya ce marar albarka, wani har da zagin iyayensa da ke kabari. Masu shirya taro suka janye gayyata. Saurayin ya kasa cin abinci, ya kasa ajiye waya, yana mai da wa kowa amsa: "Wasa ne! Kakata ce, al'adarmu ce, me ya shafe ku?" Duk amsar da ya bayar sai wutar ta ƙara ruruwa.

Da ya ga ba mafita, ya sa farar riga, ya marairaice fuska, ya yi sabon bidiyo yana ba duniya haƙuri. Waɗansu suka ce ya kyauta, waɗansu suka ce ƙarya yake yi. Ya gaji tiɓis, ya ce bari ya koma gida, ko ba komai amaryarsa za ta tsokane shi ya ji sanyi.

Ya iske ta zaune a ƙofar ɗaki. Ya ce, "Amarya, angonki ya dawo!"

Ta ɗago kai a hankali, ta ce, "Sannunku da zuwa. Kun zo lafiya? Ga ruwa can a randa."

Allah sarki. Duk zagin da ya sha a waya bai soke shi kamar wannan gaisuwa ta ladabi ba. Matar da ke ce masa kwaɗo, yau ita ke gaishe shi kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. A bakin maƙwabciya ya ji sauran labarin. Bidiyon ya iso unguwa tuntuni, yara suna kwaikwayon tafiyarta in ta wuce, ta daina zuwa sujada, ko ƙofar gida ta daina leƙawa.

Ya koma wurinta da waya a hannu, ya ce, "Kaka, duba, ai na ba da haƙuri. Dubban mutane sun gani."

Ta ce, "Wa ka ba?"

Ya ce, "Jama'a."

Ta ce, "To, Allah ya sa su haƙura." Ta shige ɗaki.

Washegari da sassafe ya ji motsin ruwa a bayan ɗaki. Ya bar wayar a kan gado ya fita. Ga ta a durƙushe, tana fama da zane a cikin ɗan ruwan da ta jawo da kanta. Ya durƙusa a gabanta, ya karɓi zanen. Ya ce, "Kaka, asirinki kika ba ni, na kai shi kasuwa don a tafa mini. Ni na yi miki laifi. Ki gafarta mini." Bai ce wasa ne ba. Ita kuma ta sakar masa zanen.

Haka ya riƙa yi kowace safiya, ya ɗebo ruwa, ya wanke, ya shanya. A waya ana ta yi da shi, bai ƙara tankawa ba. Gaisuwarta dai tana nan ta ladabi, shi kuwa yana haɗiye ta da ciwo.

Wata Lahadi ya ce, "Kaka, zo in raka ki sujada." Ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta ɗaura ɗankwali. Ya riƙe hannunta, ya bi takunta a hankali ta tsakiyar unguwa, kowa yana kallo. Da suka kai ƙofar majami'a, matan zumunta suka yi cirko-cirko. Sai tsohuwar ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya ta ce, "Ku ba ni hanya, na zo da mijina. Mummuna ne, amma ya iya wanki."

Wurin ya kaure da dariya. Ɗan barkwancin da ya saba sa zaure dariya, shi kaɗai ne yake kuka.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tsokanar kaka da jika kyauta ce daga Allah, amma ƙauna ce ke riƙe da ita. Wanda kake tsokana yana gabanka, yana da bakin ramawa, ya kuma san ba za ka bar shi ya kwana da yunwa ba. In ka ɗauke maganar ka kai wa baƙi don su tafa maka, ka bar ƙaunar a gida, abin da ya rage cin mutunci ne. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa.

Jama'ar waya su ne taron da ke ɗaga mutum yau su tattake shi gobe. In sun taso maka, kada ka ƙarar da ƙarfinka wajen mai da martani, kada kuma ka ɗauka ranar da suka yi shiru laifinka ya wanku. Akwai mutum guda da maganarka ta hana shi fita. Nemi wannan, ba da kyamara ba.

Kakar kuwa tana nuna mana jinƙan Ubangiji. Zunubi yakan mai da mu baƙi a gidan da aka goya mu. Amma wanda ya durƙusa ya kira laifinsa da sunansa, Uba ba ya barinsa a bakin ƙofa, yakan riƙe hannunsa a gaban kowa ya ce wannan nawa ne.

Saboda haka kafin ku kunna waya yau in an tashi sujada, kowa ya tambayi zuciyarsa: wa ya daina tsokanata, ya koma gaishe ni da ladabi? In ka tuna da shi, gidansa za ka fara zuwa.