Barau da Zakaran Aro

A garin Gagarawa, wajen shekarar 1976, an yi wani mai gyaran keke ana ce masa Barau. Mutum ne mai fara'a, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: bai san daidai ba. In aka ce masa abu kaɗan yana da amfani, a wurinsa mai yawa ya fi. Ya sha fasa tayoyin mutane garin ƙara musu iska.

Matarsa Larai kiwon kaji take yi, kuma tana da hannu. In bazara ta kama, kajin unguwa suka saki fukafukai suna haki, suka daina ƙwai, nata suna nan garau. Dabararta ba ɓoyayyiya ba ce. Takan shanya zogale a inuwa, ta daka, ta barbaɗa kaɗan a dusa. Ta dandaƙa ɗan sili na tafarnuwa cikin kaskon ruwansu, ta jefa ganyen darbejiya ƙwaya biyu ko uku. Ruwan kuwa daga randa take ɗebowa, mai sanyi, tana sabunta shi in rana ta take.

A wannan shekara kawunta Ɗantala na Sule Tankarkar ya ba ta aron zakaransa, wani jan zakaran turawa, ƙato kamar talo-talo, don kajinta su sami iri. Kawu yana ji da zakaran nan ƙwarai, kuma bai taɓa ba kowa aronsa ba sai ita.

Ana tsakiyar zafi ƙanwar Larai ta haihu a Maigatari. Kafin Larai ta tafi can ta zaunar da mijinta, ta nuna masa komai.

"Maigida, ka ga iyakar abin da nake sawa. Don Allah kada ka ƙara."

"Haba Larai," in ji Barau, "ni da nake warware keke in mayar, ruwan kaji ne zai gagare ni? Je ki abinki."

Kashegari rana ta buɗe sosai. Barau ya leƙa ya ga zakara ya buɗe baki yana haki. Ya ce a ransa, ƙaton zakara irin wannan ina sili ɗaya zai kai masa? Ya kwaso tafarnuwar gidan duka ya kirɓa a turmi. Ya karyo rassan darbejiya ya tafasa har ruwan ya yi baƙi. Ya tuna an ce barkono na korar cuta, ya ƙara cikin tafin hannu guda. Ya juye haɗin a kasko tun da ɗuminsa. Don kada kaji su sha wani ruwan su bar magani, ya rufe randa ya kife sauran kasake. Sannan ya tafi rumfarsa yana fito.

Kaji suka zo, kowace ta tsoma baki ta girgiza kai ta ja da baya. Rana ta yi ta dukansu, ba abin sha. Da azahar ta yi, suka jiwo ƙarar butoci daga masallacin da ke bayan gidan. Ɗaya ta tashi fir ta haye danga, sauran suka bi ta.

Mutane na cikin alwala, har da Barau, sai ga kaji sun sauko musu. Wata ta sa baki a butar liman, wata ta tsaya a ƙafar wani dattijo tana tarar ruwan da ke zuba daga gemunsa. Haladu ladan, maƙwabcin Barau, ya gane su.

"Barau, waɗannan ba kajin Larai ba ne? Me ka yi musu?"

"Magani na ba su."

"To ina zakaran?"

Barau ya ajiye buta ya kwasa a guje, Haladu na biye. Zakara nauyi ya hana shi tsallake danga. Suka tarar da shi kwance kusa da kasko, ido ya juye. Suka yayyafa masa ruwa, suka yi masa fifita, a banza. Haladu ya ce, "Kawo wuƙa kafin ya zama mushe." Ranar maƙwabta suka sha romo, Barau ko loma bai iya kaiwa baki ba.

Da Larai ta dawo, tun daga zaure warin tafarnuwa ya tare ta. Ta ga kajinta lafiya, ta ga jan gashi a bayan ɗaki, ta zauna ta yi tagumi. Can ta ce, "Ni ba zan iya kallon idon Kawu ba. Kai ka yi, kai za ka faɗa masa."

Barau ya hau keke ya nufi Sule Tankarkar. Ya durƙusa gaban Kawu Ɗantala ya zayyana komai, bai rage ba. Abin ya taɓa tsohon ƙwarai. Sannan ya tambaya, "Kai ka ɗanɗana ruwan?"

"Na ɗan lasa, Kawu."

"Yaya ka ji?"

"Sai da na yi hawaye."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Na yafe, tunda ka zo da ƙafarka. Akwai ɗansa, zan ba Larai in ya tasa. Amma kai, ko inuwar akurki kada in ji ka taka."

Tun daga ranar har ya tsufa, ba wanda ya ƙara kiransa Barau mai keke. Barau Tafarnuwa ake ce masa, yana amsawa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kowane abu mai amfani yana da ma'auninsa. Ganyen da ke taimakon dabba a lokacin zafi shi ne zai cuce ta in aka zarce, kuma babu maganin da ke maye gurbin ruwan sanyi da inuwa. In wanda ya san abu ya nuna maka iyaka, ka tsaya a kanta, balle in amanar wani ce a hannunka.