Mutumin da Ya Toshe Bakin Bawul

An yi wani mutum a garin nan namu na Coyhaique, mai gyaran famfo da murhun ɗumama gida. Ba za a faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye.

Kun san yadda gidajenmu suke. Murhun itace a kicin, ruwa yana bi ta bayansa ya yi zafi, ɗan injin lantarki ya tura shi cikin bututu zuwa ɗakuna. Ruwa in ya ji wuta kumbura yake yi. Shi ya sa ake rataya jan tankin nan mai iska a ciki, don ruwan ya sami wurin miƙe ƙafa. In iskar tankin ta tsere, sai bawul ɗin da ke gefe ya fara ɗiga, yana rage wa bututu nauyi. Mukan ce bawul yana kuka.

Mutumin nan ya san wannan duka. A hannun Don Baldomero Oyarzo ya koyi aiki, tsohon da in ka kira shi kan kukan bawul sai ya cinye maka yini guda. Zai kashe wuta, ya jira ruwa ya huce, ya zubar da shi, ya ciro famfon keke ya hura wa tanki iska, sannan ya ɗaga hannun bawul ya ga ko yana saki. Mata har ba'a suke masa, wai in ya shigo gidanka a sa tukunya da shi.

Shi kuwa namu sai ya gano gajeriyar hanya. Ɗan marfin tagulla yake murɗawa a bakin bawul, ya naɗe da tsumma, kuka ya ɗauke. Kafin shayi ya huce ya gama, ya karɓi kuɗin cikakken gyara. Gari ya ɗauka cewa hannunsa yana da albarka, aka sa masa suna Mai Lallashi.

Ya 'yan uwa, wanda ke kuka don ciwo, in an toshe masa baki, ya warke ke nan?

Ran nan Doña Eufemia Cárcamo ta aika masa. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana gasa burodi a murhun nan nata maƙwabta suna saye. Ta nuna masa kwanon da ta kara a ƙarƙashin bawul.

"Maestro, abin nan ya fi matar ɗana mita," in ji ta, don haka muke kiran gwanin sana'a. "Ka sa ya yi min shiru."

Ta juya tana gasa masa burodi, shi kuma ya murɗa marfinsa. Tankin bai ko ƙwanƙwasa ba, don ya san abin da zai ji: ruwa ya cika shi fal. Da zai tafi ta tambaye shi ko yanzu ba komai. Ya ce ta hura wutarta yadda take so, Allah ne shaidarsa.

Allah bai bar shi ba gargaɗi ba. Bayan 'yan makonni suka haɗu da Don Baldomero a shagon kayan famfo, tsohon ya ga an zuba masa marafan tagulla cikin tafin hannu. Ya tambaye shi me zai yi da su haka da yawa.

"Don Baldo, kai dai je ka hura kekenka," in ji shi.

Mutanen shago suka yi dariya. Tsohon bai yi fushi ba. Ya ce masa kawai ya tuna, a garin nan lantarki yana ɗaukewa.

A watan Yuli, tsakiyar hunturunmu, aka yi dusar ƙanƙara mai nauyi, ta karya wayoyi. Da hantsi wuta ta ɗauke. Mutumin yana gida, kofi a hannunsa. Ya san abin da ke faruwa a bayan kowane murhun da ya taɓa: inji ya tsaya, ruwa ya tsaya wuri ɗaya, ita kuwa wutar itace ba ruwanta da lantarki, ci take yi. Gidan Doña Eufemia layi uku ne daga nasa. Sifanarsa tana cikin aljihun kwat ɗin da ke rataye a ƙofa.

Matarsa Nélida ta tambaye shi me yake kallo a taga tun ɗazu. Ya ce ƙanƙara.

To in ya je, ya ce wa tsohuwa me? Ya zo cire abin da ya rantse da Allah a kansa? Kafin la'asar gari duka ya ji. Ya gaya wa kansa yanzu za a dawo da wuta. Ya koma ya zauna.

Ƙarar ba ta yi ƙarfi ba daga inda yake. Kamar an kayar da babban itace a nesa. Karnuka suka yi haushi, suka bari. Ya shanye abin da ya rage a kofinsa.

Doña Eufemia ƙara itace ta yi da safen nan, don ta san a irin wannan sanyi kowa zai nemi burodi mai zafi. Tana durƙushe gaban murhu ya tsage. Ta kwana uku a asibiti, ta cika.

Ɗanta ya kira Don Baldomero ya duba. Tsohon ya tona toka da gutsattsarin ƙarfe har ya sami bawul ɗin, marfin yana nan daram a bakinsa. Ya naɗe shi a hankici, ya taka har gidan mutumin, ya ajiye masa a kan tebur. Bai zauna ba.

"Gida nawa ka sa wa wannan?" in ji tsohon.

"Ban sani ba."

Kuma gaskiya ya faɗa. Shekara huɗu yana wannan aiki. Bai taɓa kallon gidajen ba, bakin bawul kawai yake kallo.

Hukuma ta karɓe takardar aikinsa, kotu ta yi nata. Nélida ta kwashe yara ta koma wajen danginta a tsibirin Chiloé. Mutane sun so su ga ya yi kuka, bai yi ba. Ya ɗauki sifana ya bi gida gida yana roƙon a bar shi ya duba murhu. Wasu suka rufe ƙofa tun kafin ya buɗe baki. Wasu sun riga sun kira Don Baldomero. Wasu gidajen an sayar, an sake musu fenti, ya tsaya a waje yana kallo, bai san ko ya taɓa shiga ba.

Yanzu itace yake lodawa a mota a bakin gari. Ba ya gardama, ba ya hira. Duk ranar da lantarki ya ɗauke sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tsaya, yana saurare. Abokan aikinsa sun saba, sukan kewaye shi su wuce.

Ya 'yan uwa, ba marfin tagulla ne ya hallaka shi ba. Marfi ana cirewa da hannu ɗaya. An ba shi safiya guda da layi uku, ya fifita sunansa a kan ran tsohuwa. Ya rasa sunan, kuma ran bai dawo ba.

Kowannenmu akwai mai ɗiga masa gaskiya a kunne. Wani matarsa ce, wani tsohon maigidansa, wani zuciyarsa. Ba daɗin ji, amma muddin suna magana, da sauran lokaci. Kada ku yi murna ranar da suka yi shiru. Ku tambayi kanku, gyarawa kuka yi ko toshewa? Wanda ya san ya bar wani mugun aiki a gidan mutum, ya tashi yau ya je ya ƙwanƙwasa, tun ana buɗe masa. Kunyar yini ɗaya ce.

Allah ya ji ƙan Doña Eufemia. Allah kada ya bar mu da ayyukan da ba mu san adadinsu ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka amince da hannunmu.