Jitar da Aka Yi wa Wanka

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Daura, makaɗin garaya. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa na nan cikinmu. Na ga wasu sun gyara zama, wai Malam zai shiga hukuncin kiɗa. A'a, wannan karatun wata rana ne. Yau maganar zato za mu yi.

Shekara goma sha biyar suna yawon biki shi da amininsa Mati, mai kalangu. Kwano ɗaya suke ci, babur ɗaya suke hawa. Sai mutumin nan ya ga samari daga Nijar suna cashe taro da jita mai lantarki, ransa ya biya. Ya je shagon wani Inyamuri mai suna Cyprian, ya sayo sabuwa dal da lasifikarta. Aka kuma ba shi wani biki a Zango ranar Asabar. Nan zai fara fitowa da ita, kuma ya riga ya cika gari da baki.

Da ya kai ta gida, fulogin lasifikar ƙafa uku, soket ɗinsa rami biyu. Ko tunani bai tsaya yi ba, ya ɗauki filaya ya ɓalle ƙafar ta uku, ya cusa.

Jita ta kama kuka, zuuu, kamar gidan zuma. In ya ɗora hannu a kan tsirkiya sai ta yi shiru. In ya ɗauke sai ta ci gaba. Ya kai baki kusa da abin magana, wani abu ya tsunkule shi a leɓe. Ya zare waya, ya mayar. Ya fita tsakar gida, ya dawo. Ya kwanta, ya tashi. Abinci ma a tsaye ya ci shi.

Ran Laraba ya koma shago a fusace. Cyprian ya juya fulogin ya dube shi.

Ya ce, “Abokina, wa ya karya ƙafar nan ta uku? Ita ke kai wutar da ta ɓace cikin ƙasa. Bar mini lasifikar in sa wani fulogi, in duba cikinta. Kada ka kunna ta haka.”

To, ya ji? Ina! A ce shi da hannunsa ya ɓata kayansa? Girman kai ya hana. Ya ce a ransa, in waya ce, ina ta san hannun mutum har ta yi shiru in an taɓa ta? Ya kwashi kayansa ya fita.

A hanya Shaiɗan ya ba shi amsa. Wa zai yi asara in jita ta karɓu? Mati. Wa ya shafa ta ranar da aka kawo, yana cewa, “Ɗan uwa, Allah ya sa kada ta raba mu”? Mati. Shi ke nan, an gama shari'a, ba shaida, ba alƙali.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai wurin wani boka a bayan gari. Shi kuwa boka, ka taɓa jin an je masa ya ce ba komai, koma gida? Ya zana ƙasa, ya ce jifa ne, daga na kusa. Ya ba shi jiƙon saiwoyi a galan. Ya ce ranar biki a yi wa jita wanka da shi, ya wanke hannuwansa, ya zuba sauran a inda zai tsaya, ya kuma tsaya ba takalmi.

Kafin Juma'a, teburin mai shayi, tashar babura, ƙofar masallaci, duk ya bi ya faɗa: Mati ya jefe shi. Mati ya zo har gida, idonsa ya yi ja.

Ya ce, “Ɗan uwa, ni? Kawo Alƙur'ani in dafa.”

Mutumin nan ya ce, “Fita mini daga gida.”

Asabar bayan la'asar, Zango ta cika. Aka tada janareta. Mutumin nan ya yi duk abin da boka ya ce, bai rage ko ɗaya ba. Ya cire takalmi, ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya damƙi wuyan jita da jiƙaƙƙen hannu.

Inna lillahi! Wuta ta kama shi. Hannu ya ƙi sakin tsirkiya, jiki na karkarwa. Mata suka ɗauka salo ne, har da masu guɗa. Kafin wani ya gane ya kashe janareta, mutumin nan ya faɗi.

Ya rayu. Amma yatsun hagu uku sun ƙandare. Ba jita, ba garaya, ko maɓallin riga sai an sa masa.

Da ya fito asibiti, nadama ta ishe shi, ya tafi gidan Mati neman gafara. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce ai tunda maganar jifa ta yaɗu ba mai kiransa biki, ba mai ba shi hannu, yara na gudun 'ya'yansa. Mati ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar, bai gaya wa kowa inda ya nufa ba. Yau shekara huɗu mutumin nan yana tare direbobi a tasha yana tambaya. Har yanzu bai samu wanda zai ce wa “yafe mini” ba.

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan. An gaya masa gaskiya a fili, ya ƙi ta don ta nuna laifinsa ne. Ya bar mai sani ya tafi wurin maƙaryaci. Ya ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba. Mu nawa ne nan, in mota ta lalace ko ciniki ya tsaya, sai mu fara lissafa maƙiya? Ka duba hannunka tukuna. In ka ɓata sunan mutum, haƙƙinsa na wuyanka sai ya yafe, kuma ba kullum ake samunsa ba.

Allah ya tsare mu da mugun zato, ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wani a kanmu. Amin.